Hannuwan da Iya Mai Mofa Ta Ƙirga

Shekara goma sha huɗu ta yi tana goge ɗakin yara na asibitin, babu likitan da ya taɓa tambayar sunanta. Iya mai mofa suke ce mata, tun tana 'yar talatin, tun ba ta cancanci Iyar ba. A ajin ƙarshe na sakandare ta bar makaranta. Ta haifi huɗu, sannan ta koma ta zana jarabawa tare da babbar 'yarta, ta kuma fi 'yar maki, zancen da har yau ba a tayar da shi a gidan. Da ta ce za ta shiga jami'a karatun ƙarshen mako, fannin kiwon lafiyar al'umma, maigidanta mai gyaran fanka ya tambaya ko likita za ta fito. Ta ce a'a. Nas fa? A'a. Ya ce to, digirin shara ke nan, Allah ya ba da sa'a. Shi ɗin ne dai ya yi ta kai ta a babur duk Asabar har shekara biyar.

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi abin da zai bincika. Ita ta zaɓi wanke hannu: sau nawa ma'aikaci ke wanke hannunsa kafin ya taɓa yaro mara lafiya. Malaminta ya ce an sha yin wannan binciken, kuma kullum ƙarya ake kwasowa, don da an ga baƙo riƙe da takarda sai kowa ya ruga famfo. Ta ce ita ai ba mai ganinta. Babban likita ya sa hannu a takardar izini yana amsa waya.

Mako shida tana tsayawa da bokitinta tsakanin gado na uku da famfo, tana goge inda ta riga ta goge. In ta shiga ɗakin ajiye kaya, sai ta ja layi da fensir a bayan kwalin garin sabulu. Nas-nas suna wankewa sau shida cikin goma. Ƙananan likitoci, huɗu. Manya, waɗanda ake miƙe musu in sun shigo, ko biyu ba su kai ba. Ruwa akwai, sabulu akwai. Ita ke zuba shi, ba mai kawo mata wannan uzurin.

Ƙa'ida ce asibiti ya ga aikin kafin a miƙa wa jami'a. Kwana uku da kai musu aikin, babban likita ya aiko a kira ta. Ya nuna mata kujera, har ya ce mata Malama. Ya yaba aikin, ya ce shafi ɗaya ne kawai ke son gyara, wanda ta raba mutane bisa muƙami. Ya ce ta haɗe su duka ta ce "ma'aikata". Ya ce akwai gurbi a ofishin ajiye fayil, mai digiri ake nema. Can kuma, kamar mai zancen damina, ya ambaci cewa ƙarshen wata ɗan kwangilar shara zai kawo sunayen waɗanda za a ci gaba da su. Ta ce za ta yi shawara.

A shago ta sami maigidan yana warware wayar wata tsohuwar fanka. Ya saurara har ta gama, bai ɗago ba.

"Tsakaninki da Allah, don yaran kike yi, ko don kafaɗarki?"

Ta zaci ya manta. Shekara tara baya, babban likitan nan ya shafo ƙura a taga da yatsa, ya nuna wa ɗalibansa, sannan ya goge yatsan a kafaɗar rigarta. Ta buɗe baki za ta musa, ta fasa. Gaskiya ne, duk layin da ta ja a ƙarƙashin manya sai da ta danna fensir har yana huda kwali. Gaskiya ne ta ji daɗi. Akwai ma safiyar da mutumin ya tsaya ya wanke hannu tas, ta ji kamar an ƙwace mata wani abu.

"Duka biyun," ta ce. "Amma ran da ya wanke, na rubuta ya wanke. Na ji haushi, na kuma rubuta."

Maigidan ya ce to, shi dai fanka ba ta daina lalacewa, ba za su kwana da yunwa ba.

Washegari ta koma ofishin babban likitan, ba ta jira a nuna mata kujera ba, ba ta kuma zauna ba.

"Ranka ya daɗe, in na haɗe ku, nas-nas ne za su ɗauki kayanku a ka. Wanda suke ɗauke da shi ya ishe su."

Ta miƙa wa jami'a aikin yadda yake. Ƙarshen wata sunanta ya fito, amma an ɗauke ta daga ɗakin yara an kai ta sharar filin ajiye motoci, inda ko inuwar kare babu. Gurbin ofishin fayil aka ba wani.

A filin ne wani ƙaramin likita ya tsaya kusa da ita da rana tsaka, yana laluben makullin mota da ke hannunsa. Ya gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, sannan ya rage murya ya tambaya ko shi yana cikin masu wankewa.

"Ban rubuta sunan kowa ba, ɗana," ta ce. "Ɗaga ƙafarka in share."