Usur ɗin Kawu Sajan

Shekara bakwai ke nan da kashe kawuna Isiyaku, wanda mutanen Tarauni suka fi sani da Baba Sajan. Wajibi ne in fara da bayyana madogarata. Ban ga abin da ya faru ba, domin ina makaranta a lokacin. Na ji ne daga bakin mutum uku: mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, Sista Ngozi, ma'aikaciyar jinya da ke haya a Gyaɗi-Gyaɗi, da Ɗanliti, wanda yanzu yake tuƙa adaidaita-sahu. Sun yi ittifaƙi cewa bayan la'asar ne, a kakar kamfen. Sun saɓa a kan ranar, saboda haka na bar ta.

Kawu ya baro aikin soja da ɗingishi da kuma usur. Da usur ɗin yake koya wa yaran unguwa ƙwallo, da Turancin bariki: atak, difens, kyaftin. Yakan ce daga fagen daga aka kwaso waɗannan kalmomi aka zube su a filin wasa, kuma kamfen ɗin da 'yan siyasa ke yi, asalinsa fita yaƙi ne. Daga baya na duba ƙamus, na tarar bai yi kuskure ba.

Sai dai kalmar da ya fi matsa wa ita ce ritirit, wato ja da baya. Ƙwallo na bakin raga sai ya busa usur mai tsawo, dole kowa ya sake ta ya ruga baya.

"Haba Baba Sajan, saura ƙiris fa in ci!"

"Ko rago ya iya atak. Koma, ɗan nema!"

Yaran suka girma, 'yan siyasa suka ɗebi wasunsu. Suka riƙa kiran kansu bataliya, babbansu kuma kwamanda. Ranar da nake magana, ayari biyu suka yi kiciɓis a gefen filin. Aka zaro adduna da gorori. An fasa kan wani yaro da dutse, an sare wa wani yatsu, masu shaguna suna ta jan ƙofofi. Kawu ya ɗingisa ya shiga tsakiya yana busa usur ɗin nan mai tsawo.

Ɗanliti, ɗaya daga yaran da Kawu ya koya wa ƙwallo, yana cikinsu, ya ɗaga gora. Ya ce da ni: "Wallahi ƙafata ce ta juya kafin kaina ya gane." Samari daga ɓangarorin biyu suka ja da baya, faɗan ya tsinke. A wannan ratar ne aka sari Kawu a wuya.

Sista Ngozi tana dawowa daga aiki. Ta danne raunin da ɗankwalinta, jini yana bi ta tsakanin yatsunta. Ta ce, "Baba, kar ka yi magana." Ya ce, "Sun koma?" Bai kai asibiti ba.

A yau muna da sojojin baka a rediyo, muna da bataliyoyi a waya, kowa na alfaharin ya yi wa abokin hamayya ruwan bama-bamai. Ina zaton da Kawu zai saurare su, ba kalmomin ne za su dame shi ba. Zai tambaya ne ko akwai wanda ya koya musu ja da baya. Ɗanliti dai bai sake riƙe makami ba, usur ɗin kuma yana wajen mahaifiyata, ba ta bari a busa.

Ban da batun ranar, a wuri ɗaya shaidun suka rabu, kuma shi ne ya fi damuna. Ɗanliti ya ce baƙo ne ya yi saran, cikin waɗanda aka kwaso daga wata unguwa, bai san ma'anar usur ba. Sista Ngozi kuwa ta ce da kunnenta ta ji mai saran ya yar da adda yana ihu, "Wayyo, Baba Sajan ne!" Da na maimaita wa Ɗanliti wannan, ya tada adaidaita-sahunsa ya tafi.

Har yanzu ban sani ba: wanda ya sari kawuna bai taɓa jin usur ɗin ba ne, ko kuwa ya san shi sarai?