Motar da Hajjo Ta Ƙi Musanyawa

A Dingyaɗi aka haifi Hajjo, gidan manoma, aure ne ya kawo ta Boɗinga. Mijinta Malam Sani tela ne, mutum mai sanyin hali, wanda ko kekensa na ɗinki ya lalace ana jibi Sallah sai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ita kuwa ba haka Allah ya yi ta ba. Tun tana amarya maƙwabta suka san muryarta. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta fara daga cikin gida, daga baya ta shiga harkar albasa. Sai ta saya da araha a fadamun Dancaɗi lokacin cira, ta zuba a rumbu, ta fitar idan ta yi tsada. Tana wannan har ta aurar da 'ya'yanta, har aka daina ce mata matar tela, aka koma ce wa Malam Sani mijin Hajjo mai albasa.

Ba abin da ke ci mata rai a sana'ar kamar direbobi. Mutum zai yi mata alkawarin zuwa da safe, ya bar mata buhuna a rana har la'asar, albasa kuwa ba ta san haƙuri ba. Da jarinta ya yi ƙarfi sai ta sayi mota 'yar Kwatano, doguwa mai faɗin baya, ta ba Maniru tuƙi. Maniru ɗan ƙanwarta ne, magidanci mai iyali, ya daɗe yana tuƙa motocin mutane tsakanin Boɗinga da Shagari.

Wajen yin takardun motar a Sakkwato ta haɗu da Abdulaziz, wakilin wani kamfanin inshora. Ya yi mata bayani cewa inshora iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda direbobi ke yi don kada a tsare su a hanya. Akwai babba mai tsada, wadda idan motar ta yi hatsari kamfani zai gyara ko ya biya. Hajjo ta ce babbar take so. A tashar Boɗinga aka yi ta dariya, wai ta ɗebi kuɗi ta kai wa masu kwat da wando. Wata ma a wajen biki ta ce mata wannan ai rashin tawakkali ne.

Hajjo ta ce, "Shekara nawa nika aje albasa don gobe? Ba wanda yat taɓa ce min ban da tawakkali."

Kowace shekara ta biya, ba ta taɓa bari Abdulaziz ya kira ta sau biyu ba.

Ranar wata kasuwar Shagari abin ya faru. Maniru ya faka a gefen titi, ya sauke kaya, ya tsallaka neman canji. Sai ga wata babbar mota shaƙe da shanu, birki ya ƙi, ta kwashi motar Hajjo ta gefe ta matse ta da kwalbati. Allah ya taƙaita, ba kowa a ciki. Amma gefe guda ya lotse har tsakiya, gilasai duk sun zube. Direban shanun ba shi da ko sisi, mai motar kuma yana can wata jiha, wayarsa ba ta shiga.

Abdulaziz ya zo washegari, ya yi jaje, ya ɗauki hotuna da wayarsa. Ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, don irin wannan ranar kika biya. Abu ɗaya kawai, kada a taɓa ta. Kada a gyara, kada a cire ko noti, sai injiniyanmu ya zo daga Kaduna ya duba."

Aka ɗauko janwe, aka ja motar zuwa Boɗinga, aka ajiye a ƙofar gidan Malam Sani.

Injiniya zai zo wannan makon. Injiniya zai zo mako mai zuwa. Injiniya ya tafi hutu. Bazara ta wuce, ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin tayoyi. Kajin unguwa suka gano kujerar baya, suka mai da ita wurin ƙwai. Masu wucewa suka riƙa cewa duk Boɗinga ba akurkin da ya kai na Hajjo tsada. Ta koma jiran direbobin haya kamar da. Wata rana Maniru ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce gidansa ba hatsi, wani ya ba shi keke napep zai riƙa ja. Ta ce ya je, Allah ya ba da sa'a.

Ana cikin haka sai ga Tukur, dillalin motoci daga Shagari. Ya zagaya motar, ya buɗe gaba ya leƙa, ya ga inji lafiya lau. Suka zauna a zaure, shi da ita da Malam Sani.

Tukur ya ce, "Hajjo, ba zan ɓoye miki ba, injin ga nika so. Ki ba ni ita yadda take, ki yi ɗan ciko, in ba ki wata mai tafiya. Yau ɗin ga Maniru na iya komawa bisa hanya."

Malam Sani ya gyara zama, ya ce, "Wannan ai alheri ne ya biyo ki har gida."

Maganar ta shiga ranta, ba ta musa ba. Amma sai ta ce su dakata. Ta ciro waya daga lalitarta, ta kira Abdulaziz, ta sa yadda kowa zai ji.

"In na musanya motar ga, kuna biyana?"

Abdulaziz ya ce, "Hajiya, ai motarki ce. Ba mai hana ki yin yadda kika so da kayanki."

"Ba shi nit tambaye ka ba. Kuna biyana?"

Sai ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Gaskiya idan injiniya ya zo bai tarar da ita a hannunki ba, maganar za ta yi wuya. Mutane da yawa haka suke yi, su gaji su sayar, shi ke nan a rufe zancen."

Ta kashe wayar. Ta dubi Tukur ta ce, "Ka ji da kunnenka. Ba injiniya suka jira ba, gajiyata suka jira. Ka yi haƙuri, ba ni musanyawa."

Tukur ya ce ta yi tunani, tsatsa ba ta jiran shari'a. Ta ce ta gama tunani.

Bayan tafiyarsa, Malam Sani, wanda bai saba ɗaga murya ba, ya ɗaga. Ya ce ta jefa yaron mutane a wahala, ta mai da ƙofar gidansa abin nuni, duk don taurin kai. Ya ce, "Hajjo, kamfani ba mutum ba ne. Ba shi da fuska, ba shi da kunya. Da wa za ki yi faɗan?"

Ta ce, "Da za shi karɓar kuɗɗina yana da hannu. In ba shi da huska, ai yana da ƙofa."

Kwana biyu ba su yi wata doguwar magana ba.

Da aka fara yankan gero, ta ga lokacin albasa na ƙaratowa kuma har yanzu labarin bai sauya ba, sai ta sayar da ragon da take kiwo, ta yi cinikin janwe. Da hantsi aka kori kaji, aka ɗaure motar. Hajjo ta sa hijabinta na zuwa biki, ta ɗauki tabarma da buta, ta hau gaba kusa da direba. Ba su tsaya ko'ina ba sai ƙofar ofishin kamfanin a Sakkwato. Kafin mai gadi ya gane abin da ake ciki, an sauke motar a filin da baƙi ke faka motocinsu, janwe ya juya ya tafi. Ta shimfiɗa tabarmarta a inuwar motar ta zauna.

Nan da nan mutane suka fara tsayawa. Masu keke napep, masu tallan lemo, har waɗanda suka zo biyan kuɗin inshorarsu. Duk wanda ya tambaya sai ta ba shi labari daga farko, ba zagi, ba kuka, amma da muryar da ake ji har tsallaken titi. Wani mutum da ya zo da takardunsa a hannu ya saurara har ƙarshe, ya mai da su aljihu ya koma motarsa.

Manaja ya fito, ya gaishe ta da ladabi, ya roƙe ta ta shigo ciki a yi magana cikin sanyi. Ta ce nan ma da iska. Ya ce abin da take yi ya saɓa doka, zai kira 'yan sanda. Ta ce ya kira, ita ma tana da abin gaya musu.

Da ɗan sandan ya zo, ta miƙe ta gaishe shi, ta ce, "Ranka shi daɗe, su sunka ce in aje ta kada in taɓa. Na aje har kaji sun ƙyanƙyashe ciki. Ƙofar gidan mijina ta gaji. Yanzu su ma su aje, mu gani ko da daɗi."

Ɗan sandan ya duba ya ga motar ba ta tare titi ba, matar kuma ba ta taɓa kowa ba. Ya ce wa manaja wannan tsakaninsu ne, su sasanta, ya hau babur ɗinsa.

A gidan 'yarta Nana Fatima, wadda ke aure a cikin gari, ta riƙa kwana, kullum da safe ta dawo kan tabarmarta. Surukinta ya ji kunya, ya aiko a ba ta haƙuri, ta ce a gaishe shi. Ana nan wata rana da azahar sai ta ga Malam Sani ya sauko daga motar Boɗinga, riƙe da kwanon fura. Bai ce mata ta yi daidai ba, bai ce ta tashi ba. Ya ajiye kwanon, ya zauna a bakin tabarmar, ya ciro carbinsa. Ita kuwa ta matsa masa ya sami inuwa.

Kafin mako ya zagayo, injiniyan da aka yi wata da watanni ana jira ya bayyana. Ya duba motar, ya ce ta wuce gyara, kamfani zai riƙe ta ya biya kuɗinta. Sai dai kuɗin da za su biya shi ne wanda aka ƙiyasta tun lokacin da ta sabunta inshorar, alhali a tsakanin nan farashin motoci ya yi tashin gwauron zabo. Ta yi gardama iya ƙarfinta, ba su ƙara ba. Ta ce to kuɗin janwe fa, na Shagari da na Sakkwato? Nan ma aka ja, amma suka biya. Sai da kuɗin suka shiga asusunta, Nana Fatima ta duba ta tabbatar mata, sannan ta naɗe tabarma.

Abin da aka ba ta bai isa sayen irin motar da ta rasa ba. Tsohuwar a-kori-kura ta samu, mai hayaƙi, wadda sai an tura ta da safe. Maniru bai dawo ba, ya ce keken ya karɓe shi, kuma har yau ƙanwarta na ganin Hajjo ta fifita rigima a kan ɗanta. Wani Badaru ne ke tuƙa mata yanzu. Masu lissafi a tasha sun ce da ta karɓi tayin Tukur da ta fi haka riba, kuma ba mamaki gaskiyarsu ce. Idan aka faɗa mata ba ta musu. Takan ce ta san ta yi asara, amma asarar da mutum ya yi a tsaye daban take da wadda aka yi masa yana kwance.

Har yanzu tana zuwa Dancaɗi da kanta lokacin cira, tana tsugunawa tana matsa albasa ɗaya-ɗaya kafin ta yi tayi. Gwiwa ta fara damunta, sai da sanda. Abin da ke gabanta a 'yan kwanakin nan shi ne rijiyar burtsatsen unguwarsu, wadda wani ɗan kwangila ya haƙa rabi ya kwashe kayan aikinsa ya tafi. Maza sun yi taro sun ce a bar wa Allah. Hajjo ta ce ita ma ta bar wa Allah, amma ta riga ta sa an nuna mata gidan mutumin.