Murɗin Baffa

Tun ina aji ɗaya a sakandare nake tura kurar ruwa a gidanmu na Kankiya. Kafin in tafi makaranta sai na cika randunan Inna da duron wanki, na ba tumaki. Jarkokin nan sun fi malamin lissafi sanina. In na shigo aji a makare da jiƙaƙƙen wando, sai yara su ɗauka baki ɗaya, "Ga ruwa, ga ruwa." Kafaɗuna sun yi faɗin da sai na karkace nake shiga zaure.

Bara maƙwabcinmu, wani Alhaji mai shagon taki, ya haƙa bohol mai sola, ya ce wa Baba ya ja ruwa ta katanga in yana so. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ko ɗigo ya taɓa katangar, don ta ƙasa ce. Baba ya sayo baƙin tanki aka ɗora a kan bulo. Ni kuwa na je na yi wa kura ban kwana, har da shafa mata taya.

Bututun da ya ɓullo daga gidan Alhaji na ƙarfe ne, mai haƙora a baki. Namu na roba ne, da soket ɗin da ƙarfen zai shiga ciki. Mai aikin famfo ya goge haƙoran, ya naɗa musu wani farin tef siriri kamar ɓawon albasa, yana bin hanyar da murɗi zai bi, yana dannawa da babban yatsa. Ya murɗa da hannu har ya tsaya, ya ɗan ƙara da sifana, ya janye. Ya ce tef ɗin ne ke riƙe ruwa, ba damtse ba, kuma roba tsagewa take yi in an matsa mata, don haka kada kowa ya ƙara. Aka buɗe ruwa, wurin ko gumi bai yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya na yi rayuwar ɗan gwamna. Ina komawa barci bayan asuba. Na fara isa makaranta kafin mai buga ƙararrawa, har shugaban makaranta ya tambaye ni ko sabon ɗalibi ne.

Sai Baffa ya zo daga Mawashi ganin tanki. Baffa yayan Baba ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar kakanmu, kuma a gidanmu abu bai gamu ba sai ya sa hannu. In an sayi rago sai ya laluba bayansa, in an yi rufi sai ya buga ƙusarsa ko da a inda ba a buƙata. Mai noman rani ne, ya saba da ƙarafunan injin ban ruwa, kuma sifana ba ta barin ƙarƙashin kujerar babur ɗinsa.

Ya durƙusa a gindin katanga, ya ga sauran haƙora a waje da farin tef yana leƙowa.

"Wa ya yi wanga aiki ya bar shi rabi?"

Baba ya ce, murya ƙasa ƙasa, mai famfo ne ya ce a bar shi haka. Baffa ya ce yaran yanzu ba su cin tuwo, shi ya sa. Ya aike ni na ɗauko sifanar da hannuna. Ya yi bisimilla, ya dafa gwiwa, ya murɗa, ya sake murɗawa. Sai na ji ƙas, kamar an taka gyaɗa. Baba ma ya ji, na ga kunnensa ya motsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya saka da alheri, Yaya."

Kafin la'asar katangar Alhaji ta yi jirwaye. Baffa ya yanko tsohon tub na keke ya ɗaure wurin kamar mai ɗorin karaya, ruwa ya canza hanya ya ci gaba da aikinsa. Washegari Alhaji ya rufe ruwan daga wajensa, ya aiko cewa ba faɗa ba ne, in an gyara a yi masa magana.

Gyaran ba wani abu ba ne, a yanke soket a sa sabo, a sake naɗa tef. Amma Baffa ya riga ya yanke hukunci a zaure: laifin roba ne, kayan zamani ba su da amana, shi zai kawo bututun ƙarfe daga gonarsa bayan kaka. Daga nan magana ta mutu. In Baba ya kira mai famfo, ya ce ke nan hannun yayansa ne ya yi ɓarna. In ya sayi sabon soket, ya raina alkawarin babba.

Ni ban da wannan haƙurin. Ana cin tuwo, Baffa na zaune, na ce ai tanki lafiya yake sai da aka yi masa addu'a da sifana. Ƙanwata ta ƙware da dariya. Baba ya ajiye loma, ya sa na durƙusa na ba Baffa haƙuri. Baffa ya yafe mini da faɗin rai, har ya shafa kaina. Da na je wa Inna da ƙorafi, ta ce ita ma ta ji ƙarar daga madafa, sannan ta miƙo mini jarka.

Kaka ta zo ta wuce. An kai gero rumbu, an cinye sabon wake, bututun Baffa yana nan tafe. Ƙadangaru sun mai da tankin wurin shan hantsi. A aji an ƙara mini muƙami, yanzu Shugaban 'Yan Ga-ruwa nake.

Makon jiya Baffa ya sake zuwa, babu komai a bayan babur sai kaji. Ya tarar da ni na shigo da kura ina haki, ya ce in zuba masa ruwan alwala. Ina tsiyayawa a buta ya kama damtsena ya matsa, ya juya wajen Baba.

"Ka gani? Da an bar shi da famfo da ya lalace. Ruwan nan shi ya gina yaron ga."

Baba ya ce ƙwarai kuwa. Ni na ɗauki jarkar da ta ƙare na mayar cikin kura, don randar Inna ba ta cika ba tukuna.