Allura a tsakiyar riga

Jiya aka kira la'asar, na ci gaba da surutu da maƙwabciyata, sai Baba, mahaifin mijina, ya faɗo mini a rai. A shagonsa na ɗinki a unguwar Mansur, ladan na buɗe baki yake ɗauke ƙafa daga keke, ko da mai kaya na tsaye a kansa.

Wata rana na kai masa shayi mai na'ana'a, na ce, "Baba, wane malami ya hore ku haka?"

"Limaman coci ne, ya binti," ya ce, wato 'yata da Larabci.

Na ajiye masa kofin. Baban da ba ya rasa sahun farko?

Ya ce a can ƙasarsu, Najeriya, kafin ya musulunta, ya shafe shekaru a gidan da Katolika ke horar da masu son zama fada, wato limamin coci. Da an kaɗa ƙararrawa, ko harafi kake rubutawa sai ka bar shi rabi.

"Ɗanku ya sani?"

"Ke kika fara tambaya."

Ranar da ya rasu, mun tarar da allura tsaye a tsakiyar riga. Ya Allah, bai taɓa jinkirin amsa kiranka ba, kada ka jinkirta masa rahama.