Luguden da Muka Yi wa Ladi

Har yau ban manta da ranar da aka hana mu waƙa a kicin ba. Kafin in zauna gida da yara, na yi aiki a wani gidan abincin biki kusa da kasuwar Gudu. Tsarin wurin shi ne, Hajiya mai gida ba ta shigowa kicin, sai ta bai wa sufabaisa umarni, wato Oga Bala, shi kuma ya isar mana. Ni ina ɓangaren miya, wasu mata uku suna dakan sakwara.

Cikin masu dakan akwai Ladi, Bagwariya daga Jiwa, wadda ɗanta ɗaya tilo ya rasu a daminar shekarar. Tun da ta dawo aiki ba ta magana da kowa, sai in an fara waƙar daka, nan za ka ji ta amsa da Gwaranci har ta ɗan yi murmushi.

Rannan Oga Bala ya ce, "Hajiya ta ce kwastomomi suna jin ku. Nan ba ƙauye ba ne. Daga yau ba waƙa."

Gaskiya a raina na ji daɗi, don ni salati nake yi, ban ma san me suke rerawa ba. Amma cikin 'yan kwanaki Ladi ta canza. Sai ta riƙe taɓarya ta ƙura wa bango ido har doya ta huce. Oga ya ce in ta sake, ta tafi gida ke nan. Mu kuwa mun san ba kowa a gidan sai ita da kayan yaron da ya rasu.

Washegari ta sake tsayawa. Asabe, babbar cikinsu, ta kalli ƙofa, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Ɗayar mai dakan ta amsa mata da tata taɓaryar. Lugude ya kankama, ba wadda ta buɗe baki. Ban san lokacin da na fara buga murfin tukunya da ludayi ba.

Oga ya shigo. "Ba na ce ba waƙa ba?"

Asabe ta ce, "Oga, bakin wa ka ga ya motsa? Sakwara muke yi."

Ya juyo gare ni. "Maman Hafsat, ke ba kya ƙarya. Wannan waƙa ce ko ba waƙa ba ce?"

In na ce ba waƙa ba ce, na ci amanar aiki. In na ce waƙa ce, na kori Ladi da bakina. Ga ludayin a hannuna. Na ce, "Wallahi Oga, ni ma ban sani ba."

Muna cikin haka sai muka ji taɓarya ta uku ta sauka a turmi, daidai kan kiɗan. Ladi ce, hawaye na zuba, tana daka.

Oga ya kalle ta. Sai ya ce, "Ku dinga rufe wannan ƙofar," ya fita.

Daga baya ni da Asabe muka raka ta asibiti, aka ɗora ta a kan maganin damuwa, ta kuma ci gaba da aikinta. Har yanzu ban san ko saɓa wa Hajiya muka yi ba, na dai nemi gafarar Allah. Abin da na koya a kicin shi ne, in abokiyar aikinki ta yi shiru, kada ki bar turmi ma ya yi shiru.