Sautin Kawu da Na Tace

Akwai wata Laraba da har gobe ba ta fita raina ba, kuma ban ga ranar da za ta fita ba: ranar da Kawu ya zo sitidiyona a Tambuwal da hannun da ya daina yi masa biyayya.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Kebbe, kuma shekara da shekaru shi ke kaɗa fiyano a bukukuwan yankinsu. Hawan jini ya kayar da shi da damina. Ya tashi, amma yatsun damansa sun yi nauyi. Ni kuwa ɗan ɗaki gare ni a bayan kasuwa, inda nake ɗaukar muryoyin mawaƙa da kwamfuta. Fiyanon da ke ciki baƙi ke kaɗa ta. Ni ko waƙar 'yan firamare ban iya fitarwa ba.

Ya sauka daga kabu-kabu da hantsi, ya ce, "Ɗiyata za a kai ɗaki ran Asabar. Na kaɗa ma ɗiyan mutane, babu mai kaɗa ma tawa sai ni."

Sau huɗu muka ɗauka. Yatsa ɗaya sai ya danne maɓalli biyu, wani ya zame gefe. Da na kunna masa, sai ya ɗora hannun a gwiwa yana kallonsa. Da kuka ya yi, da ya fi mini sauƙi. Can ya miƙe zai tafi sallar azahar, ya ce, "In bai yiwuwa, ka goge shi."

Abin da ya cece ni shi ne fiyanon ba ƙara take aika wa kwamfuta ba, alamomi ne, wato midi. Kowane maɓallin da aka taɓa yana fitowa a allo kamar ɗan guntun kara, kana iya matsar da shi ko ka cire. A manhajar da nake aiki da ita kuma akwai wata matatar sauti: ka nuna mata sautukan da waƙa ke tafiya a kansu, ita kuma ta mayar da duk wanda ya kauce kan layi. Na lalubo sautuka biyar da suka fi yawa a kiɗan, na danna. Nan take kiɗa ya miƙe sumul. Har kirari na yi wa kaina.

Da ya dawo na kunna. Fuskarsa ta fara sakewa, sai kuma ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ina sautina yat tafi?"

"Wanne, Kawu?"

Ya rera mini da baki. Ashe a ƙarshen kowane baiti yakan taɓa wani sauti da ke wajen layi da gangan, ya ɗan yi sama kamar guɗa. Da shi ake gane kiɗansa ko daga bayan katanga. Matatar sautin ba ta san wannan ba, ni ma haka. Ga shi ban tuna ko na ajiye na asalin ba. Na shiga bincike. Sai ga ɗauka ta uku, ba abin da ya taɓa ta. Wata ajiyar zuciya da na yi, sai da Kawu ya yi dariya.

Ya jawo kujera kusa da ni. Muka bi guntayen ɗaya bayan ɗaya, ina kunnawa yana yanke hukunci: "Wanga nawa na, bar shi. Wanga na ciwo na, hidda shi." Kafin la'asar sakaliya mun gama.

Ran Asabar a Kebbe aka kunna abin da muka ɗauka, kiɗa na kaiwa ƙarshen baitin farko amarya ta ɗago kai cikin lulluɓi ta ce, "Baba na!" Mata suka ɗauki guɗa.

Tun daga wannan Larabar ban ƙara gyara aikin wani a bayan idonsa ba. Na gane cewa ba duk abin da ya kauce wa layi ne kuskure ba, kuma mai abu kaɗai ya san wanne ne nasa.