Yadda Sallau Mai Banda Ya Rabu da Bakin Murhu

A bakin ruwan Wara, duk wanda ya nemi bandan kifin da zai kai Anaca bai lalace ba, wurin Sallau ake nuna masa. Ubansa masunci ne, amma shi jirgi jiri yake sa masa, don haka tun yana saurayi ya kama banda. Murhunsa rabin ganga ne guda huɗu a jere, da ragar waya a bisa. Yakan zauna a kan kututture dab da wutar, ƙafafu a buɗe, yana juya kifin tarwaɗa da karfasa daga hantsi har la'asar. Wandonsa kuwa jins ne mai kauri, saboda tartsatsi.

Shekararsa shida da auren Yasira, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Babu saiwar da ba a jiƙa mata ba. Daga baya ta je asibiti a Yauri, likita ya auna ta, ya ce lafiyarta lau, ta zo da maigidan.

Sallau ya ƙi. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Sai wata rana ya dawo da wuri, ya iske ta durƙushe a bayan ɗaki tana aman wani jiƙo da Inna Dudu, mahaifiyarsa, ta kawo. Kashegari ya shiga mota zuwa asibitin Yauri.

Likitan, wani dattijo mai suna Mamuda, ya duba takardar awon maniyyinsa, sannan ya tambaye shi sana'arsa da yadda yake zama a wurin aiki. Da ya ji, sai ya ajiye biro.

"Malam Sallau, ka san abin da ya sa ba a ajiye maraina a cikin ciki ba? Ba su son zafi. A cikinsu akwai wasu ƙananan halittu da aikinsu reno ne, su ciyar da ƙwayoyin haihuwa, su tsare su har su ƙosa. In zafi ya yi yawa masu renon sai su galabaita, iri ya watse tun bai nuna ba."

Sallau ya ce, "Ke nan na ƙone, likita?"

"Ban ce ba. An gwada a kan birai, aka ɗumama musu wurin, iri ya ragu. Da aka daina, ya dawo. Ba na yi maka alkawari, amma ka raba jikinka da wutar nan, mu gani bayan wata shida."

Da ya isa gida ɗakin mahaifiyarsa ya fara shiga, ga ƙannenta biyu sun zo gaisuwa.

"Inna, a bar ba yarinyar ga magani. Ba ita ta ba, ni na."

Inna Dudu ta ce, "Kai, rufa wa kanka asiri mana."

"Ita wa ya rufa mata nata?"

Sati bai zagayo ba ya ture gangunan. Ya samo magini suka yi murhun laka mai kaurin bango, tsawonsa har ƙirji, bakin wutar yana ta ɗaya gefen. A tsaye yake aiki yanzu, da dogon ƙarfen juya kifi, cikin wando mai yalwa. Da ya jera kifi sai ya koma inuwar darbejiya. Abokan sana'a suka yi ta tsokanarsa, wai ya zama alhaji. Ba a daɗe ba suka lura sabon murhun ba ya cin icce kamar nasu.

Awon wata shida ya fito da ɗan sauƙi. Na wata tara ya sa likita Mamuda ya miƙa masa hannu. Da damina ta faɗi Yasira ta fara ƙin warin kifi, ita da ta girma a cikinsa.

Ranar suna Sallau ya yanka rago, aka raɗa wa yarinya Mufida. Inna Dudu ta goya ta tana zagaya gida, ta hana kowa karɓa. Bayan an watse, wani mai gasa burodi daga Ngaski ya ja shi gefe, ya yi ta kame-kame, can ya ce shi ma shekararsa huɗu da aure ba haihuwa.

Sallau ya jawo masa kujera. "Zauna ka gaya mini, yaya kake tsayuwa a bakin tanderunka?"